Kakin Mushe Maidoki

Shekara uku ke nan da aka rufe lakwal, makarantar bokon da Mushe Maidoki ke koyar da Ingilishi a wani ƙauye kusa da Sanam. Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, ya dawo Filinge ya zauna, ba ɗalibi ko ɗaya. Abin da ke cin ransa shi ne kada ya mutu ba wanda ya ƙara maimaita magana a bayansa.

Sai ga saƙon 'yarsa Basiratu daga ƙasar Polan, inda take karatu tana kuma koya wa yaran can Ingilishi. "Baba, darasin jimlolin da ba a faɗin mai aikin, irin 'an daka, an gina', ya gagare su. Ka yi mani misalai da muryarka."

Da la'asar ya ɗauki salula ya hau tudun bayan gari, don nan ne kawai rezon waya ke da mutunci. Ya dubi kwarin, ya juya duk abin da ya gani zuwa Ingilishi, yana ɗaukar muryarsa a salula: an daka hatsi, an shayar da raƙuma, an ɗaure jaki a gindin gawo. Kafin kowace jimla sai ya yi ɗan kakinsa na gyaran murya, kamar yadda ya saba a aji. Ya lumshe ido yana ganin maganganun suna tsallake garin Abala, suna sauka a wani gari mai fararen rufi da bai san sunansa ba, suna jin sanyi ba riga.

"Mi kaka yi bisa tudu, tsohai-tsohai da kai?" in ji matarsa Delu da ya dawo gida. "Ko iskoki kaka karantarwa?"

Ya aika wa Basiratu, amma mako biyu ba amsa. Ya ji kunya ƙwarai, har ya daina hawan tudun.

Ranar Lahadi, Delu na tankaɗe a tsakar gida, saƙo ya shigo da kyar. Muryoyin yara ne, sun kai ashirin, suna jan jimlar jakin nan da irin lafazinsa. Kafin su fara kuwa, duk suka yi kaki tare.

Delu ta ajiye rariya tana dariya. "Wanga kaki naka ne, wallahi!"

Shi bai yi dariya ba. Ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan riga, ya ɗaga yatsa ga salular da ke kan tabarma, hawaye na zuba.

"Na bayan can ba su buɗe baki ba," ya ce. "A sake."