Kuɗin Askin Mai Sanƙo

"Wa ya ce maka haka suke karɓa a sabon shagon?" in ji direban tasi, yana kallon mai aski ta madubi. "Ni da na je da ƙafata? Ninkin naka na biya, har da ɗoriya."

Mai aski ya kashe inji, ya bar rabin kan direba a aske. Ya waiga ya dubi allon farashin da ke jingine a bakin ƙofa, wanda ya sha gogewa har baƙinsa ya koma toka-toka.

"Baba Rahoto ne ya gaya mini," ya ce.

Direba ya ƙyalƙyale da dariya har mayafin wuyansa ya zame. "Baba Rahoto! Oga, kai ma dai. Mutumin da kansa ke ƙyalli kamar bayan cokali? Wa zai karɓi cikakken kuɗi a wannan kan? Ko'ina rabi ake karɓar masa, wasu ma na sabulu kawai."

Baba Rahoto maƙwabcin mai aski ne, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Tsohon mai raba wasiƙu ne, ya yi ritaya amma ƙafarsa ta ƙi yi. Tun da shagunan aski suka fara tsirowa a unguwar, tsohon ya naɗa kansa ɗan leƙen asirin mai aski, ba wanda ya roƙe shi. Sai ya ɗauki sandarsa ya bi shagunan ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a kujerarsu a yi masa aski, ya dawo ya baje a kan benci yana haki. Wancan ya sa talabijin. Na kusa da gidan mai yana da na'urar sanyi amma injinsa na cizo. Na bayan makaranta samari kawai yake nema, waƙa kamar kunne zai fashe. Kullum kuma da magana ɗaya yake rufewa: "Sun fi ka araha, yaro. Ka rage."

Shi kuwa mai aski ya yi ta ragewa. Shago ya cika da mutane, aljihu ya bushe. Yana tsaye tun safe har ƙafafunsa su kumbura, amma ga ƙarshen wata ya matso, mai shago ya ce in kuɗin haya bai cika ba wannan karon, akwai mai sayar da waya da ke son wurin. Ashe duk wannan wahalar da farashin sanƙo yake gasa. Ya rasa wanda zai zaga, tsohon ko kansa.

Yana ƙarasa wa direba ke nan sai ga 'yar tsohon a bakin ƙofa, idanunta jajur.

"Yaya, Baba na kira. Wai ka zo da kayan aikinka."

"Ni ma nemansa nake," in ji mai aski, yana cusa inji a jaka. Ya san tsohon ya kwana biyu bai fito ba, amma ya ɗauka ciwon gwiwar nan ne na kullum.

Ɗakin na warin man zafi. An janye labule rabi, kwalaben magani jere a kan taga, sandar na rataye a ƙusa, takalman yawon nan an tura su ƙarƙashin gado. Tsohon ya zube a cikin matasai, ya ƙanƙance ƙwarai. Maganar da mai aski ya ɗauko tun daga shago ta so ta maƙale, amma haushin ya fi ƙarfinsa.

"Baba, ka kashe ni. Farashin da kake kawo mini duk na masu sanƙo ne. Rabin kuɗi suke karɓar maka!"

Tsohon ya buɗe ido ɗaya. "Wane ne mai sanƙon?"

"Haba Baba!"

"Akwai gashi a ƙeya. Duba ka gani." Ya yi tari, 'yarsa ta tallafe shi. "Ni abin da suka karɓa a hannuna na faɗa maka. Ka taɓa jin na yi ƙarya?"

"Ba ƙarya ka yi ba, amma ga shi za a kore ni daga shago. Kuma shekara da shekaru ina nan kusa da kai, ko sau ɗaya ba ka taɓa zama a kujerata ba. Kuɗin fanshonka duk abokan gabana ka kai wa."

"To in na zauna a taka, me zan gano? Naka ai na sani." Ya lumshe ido. "Yau dai na zo. Aske ni."

Mai aski ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya ɗaura masa mayafi. Gaskiyar tsohon, akwai gashi a ƙeya, farare, 'yan tsiraru, da wasu a bayan kunne. Aikin da bai kai a kunna inji ba, amma ya kunna, ya bi a hankali yana riƙe da kan da tafin hannunsa. Kan ba nauyi, ga zafi rau.

"Ban ba ka rahoton sabon shagon duka ba," in ji tsohon, muryarsa na shiga cikin ƙarar inji. "In sun gama, tawul suke tsomawa a ruwan ɗumi su lulluɓe maka kai. Shi ke nan sirrinsu. Askinsu bai kama ƙafar naka ba, yaron har a kunne ya yanke ni. Amma tawul ɗin nan, kai, da daɗi."

Mai aski ya dubi 'yar. Ta fita, ta dawo da ruwan ɗumi a roba da ƙaramin tawul. Ya matse, ya shimfiɗa a kan sanƙon, ya danna a hankali. Tsohon ya saki dogon numfashi.

"Nawa ne?" ya tambaya daga ƙarƙashin tawul.

"Cikakken kuɗi. Ni ba na yi wa sanƙo ragi."

Kafaɗun tsohon suka girgiza da dariyar da ba ta da sauti. "Kai, ka cika tsada. Haka nake so. Je ka rubuta."

Washegari da hantsi kuka ya tsallako katanga.

Bayan an yi jana'iza da duk abin da ake yi, mai aski ya buɗe shago. Ya goge allo ya rubuta sabon farashi da manyan baƙaƙe, daidai da na sabon shagon, ya ɗora ruwa a kan ƙaramin risho, ya ninke tawul-tawul a gefen madubi. Direban tasi ya leƙo, ya karanta allon, ya ce tab, ya yi gaba. Can sai ya dawo ya zauna a kujera yana gunaguni.

Mai aski ya ciro inji daga jakar da bai buɗe ba tun ranar. A tsakanin haƙoran injin akwai 'yan fararen gashi a maƙale. Ya ɗauki buroshi, ya tsaya da shi a hannu. Sai ya mayar da injin cikin jaka, ya jawo aljihun tebur ya ɗauko tsohon injinsa, mai ƙara.