Ranar da Aka Nemi Yardar Ɗantala

A shekarun ƙarshe na mulkin Faransa, lokacin da Nasara suka fara ɗaure kayansu suna waige-waige, komai sai ya koma na gaggawa. Aikin da a da suke cewa baƙar fata ba zai iya ba ko zai mutu yana koyo, yanzu so suke ya iya shi kafin gero ya nuna. A haka aka bi sana'o'i ɗaya bayan ɗaya har aka iso kan tuƙin jirgin sama.

Ɗantala mai haƙar rijiya ne a Kore Mairuwa. Rijiyar Arewa kuwa ba abin wasa ba ce, wanda ke ƙasa in ya ɗaga kai sai ya hangi sama kamar faifai. Shi da kansa sai da ya yi gemu yana kwasar ƙasa kafin ubangidansa ya bar shi ya riƙe wa wani igiya.

Ɗansa na fari Issa ne. Tun daga yaye aka kai shi Dogon Dutsi wurin Illo, ƙanen Ɗantala, wanda ke ɗinki a bakin kasuwa. Ɗantala bai taɓa kiran sunan yaron ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ko zazzaɓi yaron ya yi sai dai ya tambayi lafiyar gidan gaba ɗaya har da awaki. Kunyar ɗan fari ke nan, haka ubansa ya yi masa. In zance ya zama dole sai ya ce “yaron Illo”.

Illo ne ya sa yaron lakwal, makarantar Nasara. Daga lakwal ya wuce Yamai, a can wasu Nasara masu feshin fara da ƙaramin jirgi suka ɗauke shi wanke-wanken inji, suka ga kansa na ja, suka koya masa tuƙi. Ɗantala ya haɗiye wannan, sai dai wandonsa ya fara yi masa yawa.

Ran nan Illo ya iso Kore Mairuwa da hantsi, fuska cike da fara'a, ya sami wansa yana murza igiya a gindin gawo.

“Yaya, abin ya girma,” in ji Illo. “Malami za su maishe shi. Rani guda za su horas da shi, kahin damina shi ka koya ma wasu tuƙi.”

“Rani guda.”

“Nasara na sauri, tahiya za su yi.”

“Yaya a ka koyarwar?”

Illo ya zana a ƙasa da tsinke. Kujeru biyu ne a jirgin, kowace da sandar tuƙi a gabanta. Ɗalibi ya zauna nan, malami ya zauna nan.

“Wa ka riƙe sandar?”

“Ɗalibi mana. In bai riƙe ba yaushe zai iya?”

“Malamin fa?”

“Ya naɗe hannu shina kallo.”

Ɗantala ya ajiye igiyar. Wato yaron da jiya-jiya ya koyi abu, za a ɗaga shi sama a zaunar da shi kusa da wanda bai iya ba sam, a ce ya naɗe hannu. Shi ko rijiya mai gaba uku ba ya shiga in sabon hannu ne a bakin igiya.

Sai Illo ya ƙara da abin da shi yake gani ƙaramar matsala ce. Yaron bai kai shekarun da dokar Nasara ke kira na girma ba, kuma dokar ba ta san riƙo ba, uban da ya haifa take nema. Za su sauko da jirgi a Dogon Dutsi, malamin yaron zai nemi yardar Ɗantala baki da baki.

“A ina za a tambaye ni?”

“A biron kumandan, ina ji.”

Ɗantala ya ji wani sanyi a ransa. Biro ai ɗakin ofis ne, daga shi sai Nasara sai tafinta. Nasara kuwa ba ya cikin waɗanda ake jin kunya a gabansu. A can zai buɗe baki ya ce bai yarda ba, a maido masa ɗansa, ko ɗinki ne ya yi.

Da safen ranar, matarsa Hure ta miƙo masa goran fura ba ta dube shi ba. Ita ma ba ta kiran sunan, kunyarta har ta fi tasa.

“Maigida,” ta ce, “in ka ga kayan mutane a bakin rijiya, ai kakan janye su.”

“Nikan janye.”

“To.”

A kan jaki ya yi ta tsara maganarsa har ya haddace ta. Amma da ya kusa gari sai ya ga jama'a ba biro suka nufa ba, fili suka nufa, inda aka sassabe sabara don saukar jirgi. Duk Dogon Dutsi ta fito. Ga dattawan unguwar Illo, ga ƴan'uwan Hure da suka zo tun daga Geceme, surukansa ke nan, an shimfiɗa musu tabarma a gaba. Ga kuma Inusa, taubashinsa, mai bakin da ba ya rufuwa.

“A'a, ga uban tsuntsu,” in ji Inusa. “Kai ka nutsa ƙasa, ɗanka ya haye sama, ku dai ba ku son zama inda mutane suke. Na taho da ƙyalle, ko za a share hawaye.”

“Aje abinka, ka share majina.”

Jirgin ya sauko yana tsalle kamar ɗan akuya, ya tsaya. Wani dogon Nasara da rana ta gasa wa wuya, malamin yaron, ya fito, Issa na biye da shi cikin kaki. Yaron ya zo ya durƙusa can nesa, ya gaida surukai, ya gaida Illo, ya sunkuyar da kai wajen da ubansa yake. Ɗantala ya dubi jakinsa. Ta wutsiyar ido ya ga yaron ya rame a wuya, ya kuma ga ya koma ya yi wa Nasaran raɗa a kunne.

Nasaran ya gyaɗa kai, ya yafuto Sanusi tafinta. Sanusi ya ɗaga murya ya ce Nasaran na gaggawa, yana so ya tashi kafin iska ta juya, saboda haka ba sai an je biro ba. A nan za a yi, gaban jama'a, kowa ya zama shaida.

Ɗantala ya gane wanda ya ba da wannan shawara. Yaron Illo ya yi lakwal, amma bai manta gida ba.

Aka kawo shi tsakiyar fili. Nasaran ya yi magana, Sanusi ya juya.

“Ya ce, wanga ɗanka ne?”

Surukai suka zuba ido. Ɗantala ya gyara murya.

“Haka mutane ka cewa.”

Dattawa suka yi murmushi. Sanusi ya juya wa Nasaran da kalma ɗaya tak.

“Ya ce aikin na da hatsari, ba zai ɓoye ma ba. Kana jin tsoro a kan yaron?”

Maganar da ya haddace a hanya tana nan a bakinsa, ɗungum. Ya duba dama, ga wan Hure yana taunar goro. Ya duba hagu, ga Inusa ya fito da ƙyallen yana karkaɗewa.

“Tsoron mi?” in ji Ɗantala. “Ni ban san ma yana ina ba.”

Ya ga abin na neman kuɓuce masa, sai ya biyo ta bayan gida. “Hwaɗa mai, mu a sana'armu ba a ba sabon hannu igiya. Kuma wanda ya koya bana ba shi koyarwa baɗi.”

Sanusi ya juya wannan duka, bai rage komai ba. Nasaran ya yi dariya, ya dafa kafaɗar Ɗantala, ya ce maganar hikima ce, shi ma haka ya gaya wa manyansa a Yamai, amma sun ce babu lokaci. Sannan ya sassauta murya, da nufin kyautatawa, ya yi tambayar da ta ƙare zancen.

“Ya ce shi ma uba ne,” in ji Sanusi, yana kallon ƙasa. “In kana son ɗanka kusa da kai, in zuciyarka ba ta iya rabuwa da shi, ka hwaɗa yanzu gaban kowa, a bar ma shi.”

Da Nasaran ya ce ka yarda ko ba ka yarda ba, da wataƙila an sami hanya. Amma a ce mutum ya tsaya gaban surukansa ya ce yana son ɗansa na fari, zuciyarsa ba ta iya rabuwa da shi, wannan ko mahaukacin kasuwa ba ya yi.

“In aje shi in yi mi da shi?” in ji Ɗantala. “Ku tahi da abinku.”

Dattawa suka gyaɗa kai, wani ya ce ɗan halak ke nan, ya san kunya. Nasaran ya kama hannunsa ya girgiza da ƙarfi. Ya ce ya zaga ƙasar nan, ya ga iyayen da ke ɓoye ƴaƴansu cikin rumbu don kada a kai su lakwal, yau ne ya fara ganin uban da ya fahimci ci gaba. Zai ba da labarinsa a Yamai.

Da hayaniya ta tashi, Ɗantala ya matsa kusa da tafinta.

“Sanusi, kai ɗan Arewa ne. Ka san abin da nika nuhi.”

“Na sani, baba. Amma abin da baki ya hwaɗa shi nika juyawa.”

Issa ya zo sallama. Ya durƙusa gaban Illo, taku kaɗan daga ubansa, ya ce a gaida mutanen gida, sai damina in Allah ya kai mu. Ɗantala ya juya wajen ƙanensa.

“Illo, hwaɗa ma yaronka, naɗe hannun nan kada ya naɗe shi da gaske. Ya bar guda kusa da sandar.”

Illo ya buɗe baki zai maimaita, Issa ya riga shi.

“Baba Illo, a ce na ji.”

Aka murza farfela, jirgin ya ruga ya ɗaga. Duk filin aka ɗaga kai, yara da manya, har surukai sun miƙe sun kare ido da hannu. Ɗantala kaɗai ya sunkuya, don ba a ganin uba yana bin ɗan fari da kallo. Inuwar jirgin ya samu a ƙasa, ya bi ta da ido ta haye tabarmi, ta haye jakinsa, ta shiga cikin sabara ta ɓace.

Inusa ya zo ya tsaya kusa da shi, kansa a sama. Ya cusa ƙyallen a aljihu.

“Ya wuce dutsi,” ya ce a hankali. “Hiffiken ya ɗan karkata, ya kuma daidaita.”

“Wa ya tambaye ka?”

“Ba kowa. Da jakin nika magana.”

Ƙarar jirgin na raguwa. Ɗantala ya tsuguna yana gyara ɗaurin akumarin jakin wanda babu abin da ya same shi.

“To hwaɗa ma jakin,” ya ce, “yanzu ina ya kai?”