Ajiyar Rosamel

A garinmu idan teku ya ci mutum bai dawo da gawarsa ba, kayansa ake binnewa. A shimfiɗa rigarsa da wandonsa a kan tebur kamar yana ciki, a kunna kyandir, a yi zaman makoki, sannan a naɗe su cikin ɗan farin akwati a hau da su maƙabartar kan dutse mai kallon ruwa. Kaburburan can babu kowa a cikinsu, amma matan masunta sun san inda za su je su yi kuka, su yi mita ma idan mitar ta taso. Kakanmu yana can, wato hularsa da takalmansa.

Yayana Rosamel ko wannan bai samu ba. Ranar da teku ya fito bayan babbar girgizar ƙasa, bai tsaya a kansa shi kaɗai ba, har gidan ya kwashe, da gado da akwatin kaya da igiyar shanya. Matarsa Herminda ta tsira da rigar barcin da ke jikinta. Da ruwa ya janye mun tone laka har faratanmu suka karye, muna neman ko safa ɗaya ce tasa. Mun samu tukunyar maƙwabta, mun samu haƙoran roba na wani tsoho, amma na Rosamel ko zare.

Duk da haka Herminda ta sa kafinta ya yi mata farin akwatin. Ta taho da shi birnin Chillán, inda muka koma zama ni da ita nesa da ruwa, ta tura shi ƙarƙashin gadonta. Ni ce mai sharar gidan. Kowace safiya sai tsintsiyata ta buge shi, shi kuma ya amsa da ƙarar abin da babu komai a cikinsa. Na tsani ƙarar nan, har yau ina jin ta a haƙorana.

Na sha ce mata mu sayi sabuwar riga daidai jikinsa mu binne, kowa ya huta. Har fadan cocinmu na tambaya, ya ce babu laifi.

Ta ce, "Rigar da bai taɓa yi wa gumi ba? Ke dai Eduvina, ƙanwar miji ce ke har ki mutu. Sai rigar da ta san jikinsa."

Barci kuwa ya daɗe da yi mata ƙaura. Da safe muna shan shayi za ta ce mini ya sake zuwa, ya tsaya a bakin ƙofa ruwa na zuba daga gashinsa, haƙoransa na kaɗawa, yana tambaya, "Minda, ina zan kwanta?" Ni ban taɓa ganinsa ba. Amma akwai safiyar da na tarar da bakin ƙofar ɗakinta a jiƙe, na goge, na ɗora wa kyanwa laifi. Herminda ta rame ta zama kamar sillen kara, likita ya ce zuciyarta ba za ta jure rashin barcin nan ba. Ita kuma maganarta ɗaya ce: a ba ta ko ƙyallensa ta binne, za ta yi barcin da ta yi shekaru ba ta yi ba.

Bana ne ta yarda mu je wurin tunawa da aka gina a ƙauyenmu, inda aka rubuta sunayen waɗanda ruwa ya ci a jikin bango. Shekara da shekaru tana ƙi, wai suna a jikin bango ai ko shagon mai gurasa yana da shi. Ban san abin da ya sauya mata ra'ayi ba, ban kuma tambaya ba, don kada ta fasa. Muka shiga motar safe ranar zagayowar abin, ga zafin watan Fabrairu tun rana ba ta yi sama ba.

Ƙauyen ya hau tudu gaba ɗayansa. Ƙasa, inda muka girma, ciyawa ce kawai da daɓen gidaje. Na gane namu da matakalar ƙofa, tana nan ita kaɗai, ka hau ta ba ka shiga ko'ina ba. Herminda ta wuce ta ba ta ko juya ba. A gefen hanya mata suna soya empanada, wata irin samosa mai naman ƙaguwa, suna sayar wa baƙi, ƙamshin ya sa ni jin yunwa, na kuma ji kunyar yunwar. Tekun kuwa kwance yake lamo, yana sheƙi, kamar bai taɓa yi wa kowa komai ba.

An gina bangon sunayen a kan gangaren, daidai inda ruwan ya tsaya. Baƙin dutse ne, da wata tsohuwar matakala a gefensa wadda ke sauka zuwa bakin teku. Mutane suna ta shafa sunaye suna ajiye furanni. Herminda ta bi da yatsa har ta same shi, ta ɗora tafin hannunta a kai, ta janye.

"Sanyi," in ji ta. Sai ta matsa bakinta kusa da dutsen. "Kai da jirginka. Ka kai ni tudu ka ce in jira, ka koma wa katako. To ga shi nan, ina jirgin yake?"

Wannan ƙullin ta daɗe da shi a ciki. Kowa ya ɗauka jirginsa ya koma cetowa, don ba shi kaɗai ne masuncin da ya yi haka ba a safiyar nan.

Ni na fara ganin mutumin. Dattijo ne, yana zaune a kan matakala ya ba mu baya, yana kallon hanyar da ke tahowa daga ruwa. Cikin wannan zafi da kowa ke fifita, shi rigar sanyi ce a jikinsa, ta ulu, ruwan toka, mai kauri.

Na taɓa Herminda na ce, "Dubi wancan bawan Allah. Ko dai zazzaɓi ne, ko kuma an bar shi bai gama dahuwa ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta damƙe hannuna har na ji zafi. Sai a lokacin na lura da hannun rigar na hagu. Bakinsa kore ne. Na san koren nan, domin nawa ne. Shekarar da take saƙa wa Rosamel riga, zare ya ƙare mata saura kaɗan, ta faki idona ta warware gefen gyalena ta ƙarasa da shi. Mun yi sati ba ma magana, Rosamel yana yawo a gari yana nuna wa mutane hannun yana cewa rabon ƙanwarsa ne.

Ta baya, da faɗin kafaɗar nan da sunkuyawar nan, na rantse na ɗauka zai juyo in ga fuskar yayana. Herminda ta sake ni ta sauka matakalar, ni ina bin ta kamar an ɗaure ni da igiya. Ya juyo. Wani ne daban, mai farin gashi da tabarau.

Ta ce, "Bawan Allah, ina ka samu rigar nan?"

Ya dube ta, ya dubi hannun rigar da take kallo. Ya yunƙura zai miƙe, sai ya koma ya zauna.

"Kin san mai ita?"

"Ni na saƙa ta."

Sunansa Nibaldo, mutumin birnin Talca ne, ba ɗan bakin teku ba. Hutu ya kawo shi a shekarar nan, ya kafa tanti a bakin yashi shi da abokinsa. Ya ba mu labarin a hankali, idonsa a ƙasa. Ruwan farko ya yi ta juya shi har ya tuɓe shi tsirara, ya maka shi a jikin wani shinge. Gari ya fara wayewa wani mutum ya ciro shi, ya goya shi kamar jariri ya hau da shi matakalar nan, ya zaunar da shi a nan daidai inda yake zaune. Da ya ga yana karkarwa, sai ya cire rigarsa ya zura masa da hannunsa.

"Daga nan muka ji wata mata tana ihu a ƙasa, wajen gidajen. Ya saurara, ya sauka da gudu. Bai jima ba ruwan ya dawo, wanda ya fi na farko." Ya share tabaransa da bakin hannun nan kore. "Ko sunansa ban sani ba, baiwar Allah. Na karanta bangon nan har na haddace shi, ban san wanne ne nasa ba."

"Rosamel," in ji Herminda. "Ba jirgi ya koma wa ba ke nan?"

"Ni dai ban ji ya ambaci jirgi ba."

Ta gyaɗa kai. Nibaldo ya kama gindin rigar ya ciro ta ta kansa da ƙyar, ya rage daga shi sai 'yar shara jiƙe da gumi, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa ta rungume, ta cusa fuskarta a ciki. Na ji ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Da ɗuminta."

Ni kuwa farin ciki ya kusa kayar da ni. Tuni na gama tsara komai a kaina: gobe in koma Chillán in ɗauko akwatin, a shimfiɗa rigar a gidan 'yar wata ƙawarmu da ke kan tudu, a kira fada, jibi a hau dutse. Yayana ya samu makwanci kusa da kakanmu, Herminda ta yi barci, ni kuma tsintsiyata ta wuce ƙarƙashin gado ba ta bugi komai ba. Na kama hannun dattijon ina ta sa masa albarka, ina kuka ina dariya.

Herminda ta ɗago kai ta ce, "Bai ce komai ba kafin ya sauka?"

Nibaldo ya buɗe baki. Da na san abin da zai faɗa, da na toshe masa baki da empanada.

"Ya ce, 'Riƙe mini, maigida, yanzu zan dawo in karɓa. Matata ce ta saƙa, idan na ɓatar da ita na shiga uku.'" Ya gyara tabaransa. "Shi ya sa nake zuwa kowace shekara in zauna a nan da ita a jikina. Na san ba hankali ba ne. 'Ya'yana ma sun faɗa mini. Amma ajiya ya ba ni."

Herminda ta yi wata 'yar dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun muna gidan da ruwa ya ci. Ta shimfiɗa rigar a cinyarta, ta gyara wuyan, ta tsinke wani zare da ya fito da haƙorinta. Sannan ta miƙa masa.

"Mayar da ita jikinka."

Na ce, "Minda! Kin haukace ne? Abin da muka tone laka muna nema? Akwatin fa? Barcin naki fa?"

"Ya ce zai dawo ya karɓa."

"Shekara nawa yanzu? Mutumin nan ya mutu, Minda, ya mutu! Ke da bakinki kika ce yana tambayar inda zai kwanta!"

"Ni a mafarki nake jin sa. Wannan kuwa da ransa ya faɗa." Ba ta ko dube ni ba. Ta buɗe wuyan rigar ta zura wa dattijon a ka, ta ja masa hannuwan ɗaya bayan ɗaya kamar mai shirya yaro. "Idan ya hawo bai same ka da ita ba, ta yaya zai gane ka?"

Raina ya ɓaci har ina ganin duhu. Na so in fizge rigar in ruga da ita, kuma da ƙarfina, su biyun ba mai iya kama ni. Na tsaya ina huci, ina tuna farin akwatin da zan ci gaba da bugewa har ranar da za a fitar da Herminda daga ɗakin nan.

Ta zauna kusa da shi a kan matakala, ta haɗa hannuwa a gwiwa, suka fuskanci hanyar da ke tahowa daga ruwa.

"Zauna, Vina," in ji ta. "Akwai motar yamma."

Na zauna don ƙafafuna sun gaji, ba don komai ba. Can ƙasa wani ya fito daga bayan duwatsu ya kamo hanyar matakala, babu riga a jikinsa, rana ta hana a ga fuskarsa. Sai na ga na miƙe tsaye, na sa hannu a goshi ina tare rana.