Kwanon Turmi

Wani mafarki na yi daren jiya, har yanzu kuma bai sake ni ba.

Na gan ni a wani gari da rana tsaka, riƙe da igiyar Turmi. Turmi karen yayana ne, marigayi Ɗanjuma, ya samo shi wurin wani Bature da ya taɓa yi wa direba. Irin karnukan nan ne masu ƙaton kai da leɓe mai reto, waɗanda aka ce ko a ƙasarsu sun kusa ƙarewa. Girman kan ne ya jawo masa sunan. Da Yaya ya rasu kare ya dawo hannuna, ni ɗan farauta, abokan dawa kuwa suka samu abin dariya na shekara guda.

A garin nan ruwan sama daga ƙasa yake tashi. Yana tsattsafowa daga turɓaya ya yi sama, mata sun kifa bokitai a bisa kawunansu suna tara. Ban yi mamaki ba. Abin da ya dame ni shi ne dokar garin: duk karen da ba a rubuta masa aiki ba kafin la'asar, keji za a sa shi, a ɗora a motar masu sayen karnuka da ke tafiya kudu. Kowa ya san abin da ake yi da su a can. Motar na tsaye a ƙofar ofis, injinta a kunne.

Wani bunsuru mai tabarau ne shugaban ofishin. Duk takardar da ya gama karantawa sai ya cinye ta.

"Malam Ilu, mene ne aikinsa?"

"Farauta, ranka ya daɗe."

Ƙarya na yi, bunsurun ma ya sani.

Sai ga mu a fili. Wani zomo ya cire agogonsa ya ba ni ajiya, ya tambaya ko mun shirya, sannan ya zura da gudu. Karnukan abokaina, 'yan sirara masu yankakken kunne, suka bi shi kamar an harbo su. Turmi ya yi taku goma sha biyu, ya kwanta yana haki, yawu na tashi sama daga bakinsa. Zomon ya dawo ya karɓi agogonsa, ya yi mini jaje.

Na ce to a gwada shi a gadi. Aka kawo ɓarayi bakwai a layi, kowanne ya yi sallama kafin ya haura katanga. Turmi ya ɗaga kai ya dube su kawai. Babbansu ya rantse cewa cikinsa ya ɗuri ruwa, ba zai sake bin unguwar ba ko da rana. Bunsuru ya ce takarda haushi ta tambaya, ba ta tambayi tsoro ba, Turmi kuwa bai yi haushi ba.

Na ce a gwada shi a kokawa. Aka shigo da kura sanye da warki. Turmi ya ɗora mata ƙirji ya danne ta, ya tsaya haka, bai cije ta ba. Kura ta gaji ta yi barci a ƙarƙashinsa. Alƙalin wasan ya duba ƙasa bai ga jini ba, ya ce babu wanda ya yi nasara.

Inuwa ta fara tsawo. Direban motar ya danna hon sau biyu.

Da muka koma ofis sai na tarar da Yaya Ɗanjuma zaune a bencin shaidu, ya naɗe likkafaninsa ya ɗora a cinya. Hannunsa na hagu yana nan a shanye kamar yadda ciwon ya bar shi. Abokan farautata sun cika tagogi suna leƙe.

"Ilu, gaya musu aikinsa mana," in ji Yaya. "Ai ka sani."

Na sani. Shekara biyu da Yaya ya yi da shanyewar ɓarin jiki, wuyan karen nan yake dafawa ya miƙe. Turmi yakan kafe ƙafafunsa, ya ɗauki nauyin mutum guda ba ya ko motsi, ya raka shi bayan gida, ya jira, ya dawo da shi. Ranar da ni na gaji na daina zuwa, shi bai gaji ba. Aikinsa ke nan, tsayuwa. Amma ta yaya zan faɗi haka a gaban mutanen da ke auna kare da zomayen da ya kamo? Kunya ta kama ni, kunyar banza. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne dariyar abokaina, irin wadda suke yi mini a dawa.

"Ba ya komai sai ci," na ji kaina na faɗa.

Yaya bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya yunƙura zai tashi ya kasa, ya miƙa hannunsa mai lafiya gefe yana laluben iska. Turmi ya ja igiya zai je wurinsa, ni kuma na riƙe.

Na roƙi bunsuru ya ba ni takardar in gyara magana. Ya turo mini ita. Dangwalen yatsana na ƙasa, tawadar har ta bushe.

"Ai tun jiya ka sa hannu, Malam Ilu," ya ce, ya karɓe ta ya fara tauna.

Ba wanda ya ja Turmi. Da kansa ya hau motar. Kejin ya yi masa kaɗan, sai ya sunkuyar da ƙaton kan nan ya shiga, ya kafe ƙafafunsa ko wani zai buƙaci dafawa. Motar ta tashi, tayoyinta na ƙara a kan tsakuwa, ƙarar, ƙarar, ƙarar.

Wannan ƙarar ce ta tashe ni. Gari ya waye. Na leƙa tsakar gida na ga turken Turmi ba kowa, kamar yadda na bar shi jiya bayan la'asar, da masu keji suka tafi da karen. Matata Tabawa na tsugunne bakin rariya tana dirje kwanonsa da ƙasa, don sai an yi masa wanki bakwai kafin mutum ya ci a ciki.

"Kwano mai kyau ne, Malam," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ba a bar shi haka ba."

Na zauna a bakin ƙofa ina sauraro. Tana kan wanki na huɗu.