Hon ɗin Ranar Alhamis

Na'urar ƙirga awowin aiki da ke maƙale kusa da sitiyarin tirelar ta ce saura minti shida. Twyla ta galla mata harara, sai ka ce tana gani. Doka ce: direba ya cika awa goma sha huɗu a bakin aiki, dole ya ajiye mota ya huta awa goma, ko da ƙofar gidansu yake hange. Ga shi masu lodi a birnin Denver sun cinye mata awa biyar suna jan ƙafa.

Mil ashirin ya rage ta kai garin Kearney, inda mahaifinta yake gidan kula da tsofaffi a bakin babban titi. Shekara arba'in ya yi yana jan tirela. Yanzu ruɗewar tsufa ta kwashe masa komai, har sunanta. Abu ɗaya ya rage: duk Alhamis da la'asar ƙanwarta Ronda kan zaunar da shi jikin taga, Twyla ta wuce ta danna hon sau biyu, shi kuma ya ce, "Ga 'yata can." Tsoronta shi ne ta tsallake mako ɗaya wannan ma ya goge.

Ta gangara gidan mai ta kashe mota. Bayanta kamar an yi mata dukan tsiya. Ta kira Ronda.

"Kina ina? Tun ɗazu ya ƙura wa titi ido."

"Awowina sun ƙare."

"Ke da motar nan taki! Ita kika aura, wallahi."

"Don Allah bar surutu, kara masa wayar a kunne."

Ta ja igiyar da ke kaɗa hon ɗin tirelar sau biyu. Wani direba da ke cin burodi a motar gefe ya zabura yana zagi, ko kallonsa ba ta yi ba. Har ta fara cire rai, sai muryar tsohon ta fito daga wayar a shaƙe.

"Wannan motar a tsaye take. Mai tafiya ba haka kukanta yake ba."

"Baba, ni ce..."

"Awowinki sun ƙare ko? To kar ki kuskura ki taso, Twyla. Ja labule ki kwanta."

Shekara biyu rabon da ta ji sunanta a bakinsa. Ta kifa kai a sitiyari ta yi kuka mai isarta, sannan ta ja labulen makwancin da ke bayan kujerar direba.