Kwanan Wata a Wuyan Direba

Sati uku Malama ta yi tana koyar da ma'aikatan ɗakin masu jinya mai tsanani yadda ake kula da bututun ƙarin ruwa, kuma tun ranar farko ta raina su. Manya-manyan mutane, wasu har da furfura, amma da ta ɗaga hannun roba na gwaji tana nuna yadda ake goge bakin bututu kafin a zura magani, sai ka ga rabinsu sun sunkuya kan waya. Tambaya ɗaya suka iya: yaushe za a raba takardar shaida?

Ta faɗa ta nanata har muryarta ta dishe. Duk bayan kwana biyu a wanke hannu, a sa safar hannu, a ɗaye tsohuwar filasta, a duba fata, a goge, a rufe da sabuwa, sannan a rubuta kwanan wata a kai. Bututun nan hanya ce kai tsaye zuwa jini, ƙazantar da ta bi ta nan kuwa ba ta sallama.

Ranar da ta dawo dubawa, Babbar Sista ta tarbe ta da irin fara'ar da ake ajiyewa don baƙo mai riƙe da biro. Mace ce da duk ƙwarewarta ta ƙare a gyaran hular kanta.

"Sannu da zuwa, Malama. Zo ki gani da idonki, ɗalibanki sun ɗauki karatu."

Gado takwas, kowace filasta fara tas, da kwanan watan jiya ko na yau, rubutu kamar na gasar makaranta. Malama har ta fara jin kunyar zaton da ta yi musu.

A gado na uku wani direban babbar mota ne da ya yi hatsari, an sa masa bututun a jijiyar wuya. Kwana uku ke nan zazzaɓi ya ƙi sauka, likita ya canza magani sau biyu bai gano dalili ba. Lokacin ziyara ne, matarsa na tsaye tana riƙe da ƙarfen gadon.

"Allah ya saka muku da alheri," in ji matar. "Ba sa fashin rubuta masa kwanan wata. Ni ma ina sa ido, in na ga sun makara sai in tuna musu."

"Suna buɗewa kafin su rubuta?"

"Buɗewa kuma? A'a, ai ba sa son su fama masa ciwo."

Sai a lokacin Malama ta lura filastar ta yi tudu. Ta wanke hannu, ta sa safa, ta kama gefe ta ɗaye. A ƙarƙashi wata filastar ce da nata kwanan watan. Ta ɗaye, ga wata. Biyar ta ƙirga, an jera su kamar shafukan kalanda, kafin ta iso ga ta asali, wadda ta jiƙe ta yi rawaya. Wari ya riga komai fitowa. Fatar ta kumbura ta yi ja, mugunya na tsattsafowa a gindin bututun. Kwana goma ana kitso a kan ƙwarƙwata.

Malama ta ajiye filastocin a gefe. Ta juya ta dubi Babbar Sista, wadda ko gezau ba ta yi ba.

"Kin san hannu ya yi mana kaɗan, Malama. Kuma a takardar dubawar taku, ai kwanan wata ne kawai aka yi wa gurbi."

Malama ta kalli takardar da ke hannunta, wadda ita da kanta ta tsara. Haka ne kuwa. Ta raina su ƙwarai, yanzu ta rasa inda za ta ajiye kanta a cikin rainin.

Aka kira likita. Ya zare bututun, ya ɗebi jini, ya ce a ƙara ruwa ta jijiyar hannu da sauri domin bugun jinin direban yana faɗuwa. Bai yarda ya haɗa ido da matar ba. Ma'aikatan da ke sunkuye kan waya a aji duk suka zama masu gudu, kowa na neman abin riƙewa don a gan shi yana aiki.

Aka ce masu ziyara su fita. A bakin ƙofa matar ta riƙo hannun rigar Malama, ta yi ƙasa da murya.

"Don Allah ki gaya mini gaskiya. Ranar Talata ban samu zuwa ba, ban tuna musu ba. Ko shi ne ya jawo masa?"