Kujerar da ke Gaban Makirfo

A zamanin da gidan rediyon ke da ɗaki ɗaya tal na watsa shiri, ba a naɗar komai. Abin da ka faɗa ya tafi ke nan, ko da tari ne. An lulluɓe bangon da tsofaffin barguna saboda ƙarar titi, ga tebur, ga makirfo, ga jar fitila da ke kamawa in an buɗe layi. Da la'asar malamin tarihi ke yin darasinsa, makaɗi ya biyo baya, sannan mai sharhin ƙwallo ya zo ya cika ɗakin da ihu.

Malamin nan, a bayan idonsa Shekara-Kaza ake ce masa, don in ka sakar masa fili zai jero maka shekarun yaƙe-yaƙe har ka manta sunanka. Amma a rediyo yana da daɗin saurare, kuma kowa a gidan ya san dalili. Bawan Allah bai iya yi wa ƙarfe magana ba. Tun ranar farko da ya daskare gaban makirfo, matarsa ke rako shi, ta zauna a kujera tana fuskantarsa, tana saƙa. Da ya fara zuba shekaru sai ta yi hamma ba sauti, shi kuma ya ajiye takarda ya kama labari.

"Ke dai kin raina ilimi," yakan ce mata a hanyar gida.

"Ni? Ai ni kaɗai ce ɗalibar da kake gani, Malam. Sauran sun yi barci ba ka sani ba."

Da damina, matar ta rasu. Da ya dawo aiki, darasin ya bushe ƙayau. Karanta takarda yake daga sama har ƙasa, yana kauce wa kallon kujerar. Manaja ba mugu ba ne, amma ya kira shi ofis.

"Malam, ka yi haƙuri. Masu shaguna sun ce kashe rediyo suke da ka fara. In na yau ma haka ya fita, makaɗi zan ba lokacinka."

Malam ya ce to. 'Ya'ya sun yi nisa, gida shiru, darasin nan kaɗai ke sa shi ya goge riga ya fito cikin mutane.

Fitila ta kama, ya soma, murya ba rai. Can sai ƙofa ta buɗe a hankali. Makaɗi ne, wanda ya saba jira a benci a waje, takalmansa a hannu. Ya lallaɓo ya zauna a kujerar da ba wanda ya taɓa tun rasuwar. Ran Malam ya ɓaci ƙwarai, amma layi a buɗe yake, dole ya ci gaba. Yana cikin jera shekaru, makaɗi ya wage baki ya yi wata irin hamma ta ƙarya, har ana hango dasashinsa.

Malam ya tsaya da karatun. Mai kula da inji yana ta ɗaga masa hannu ta bayan gilashi. Dariya da kuka suka taso masa tare, ya haɗiye su, ya kife takardar.

"Jama'a," ya ce, "mu bar shekarun nan. Bari in ba ku labarin wani ayarin fatake da ya ɓace hanya."

Da aka rufe layi, Manaja ya leƙo ya ce gobe ma kamar kullum. Malam ya dubi makaɗi. "Kai da za ka ci ribar faɗuwata?"

"Haba Malam, waƙoƙin nawa guda nawa ne? A ƙara mini lokaci asirina ya tonu? Hammar ce dai ban iya ba kamar marigayiya."

Malam ya kama hanyar gida da sauri, albishir fal bakinsa, har ya yi sallama a ƙofar ɗaki kafin ya tuna matarsa ba ta nan. Rediyon da ya saya mata yana kan kabad, rufe da ƙyallen da ta saƙa. Sai yau ya lura ba ta taɓa jin muryarsa a cikinsa ba ko sau ɗaya, kullum tana can gabansa.

Ya kunna. Mai sharhin ƙwallo na ta ihun an ci. Malam ya rage ƙarar, ya zauna bakin gado da takalmansa a ƙafa.

"Sun bar mini darasin," ya ce.